Kamfanin Wutar da Ke Biya Don a Rage Shan Wuta

 Shirin namu na yau na masu masana'antu ne da 'yan kasuwa: mai injin casar shinkafa, mai matsar man gyaɗa, mai kamfanin roba, mai gidan ƙanƙara, mai otal, mai asibitin kuɗi, da duk wanda idan wata ya zo ƙarshe takardar kuɗin wuta ce ke fara hana shi barci kafin albashin ma'aikata. Wanda ba ya cikin waɗannan ma kada ya murɗa akwatinsa, domin kuɗin wutar da masana'anta ta biya a kan kwanon shinkafa da kwalbar mai yake dawowa.

Ranar 3 ga Afrilun 2024 hukumar NERC, mai sa ido kan harkar lantarki a Najeriya, ta amince a ɗaga farashi ga 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, daga kusan naira 68 zuwa naira 225 a kowane yunit. Bayan wata guda aka ɗan sassauta, ya dawo naira 200 da 'yan kai. Tun daga lokacin duk inda masu masana'antu suka haɗu, a Sharaɗa ne ko Bompai ko Chalawa a Kano, hirar ba ta wuce ta wuta. Shawarar da aka fi ba su kuwa ita ce wadda ake ba kowa: a kashe fitila in za a fita, a sauya ƙwayayen lantarki zuwa marasa cin wuta. Shawara ce mai kyau ga mai gida. Amma a masana'anta fitilu ba su ne masu cin kaso mai tsoka ba. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ƙiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na lantarkin da masana'antu ke sha yana tafiya ne wajen moto, wato injinan nan masu juya famfo da fanka da bel da kwamfiresa. Mutumin da ke da moto 20 a ƙarƙashin rumfarsa, in ka ce masa ya sauya ƙwan fitila, ka gaya masa gaskiya, amma ba ka taɓa inda ke yi masa ciwo ba.

Bambancin kamar na rigar kanti ne da ɗinkin tela. Ta kanti an yanka ta da awon kowa, wani ta yi masa yawa, wani ta matse shi. Tela kuwa sai ya ɗora maka tef a kafaɗa kafin ya sa almakashi. To, akwai wuraren da kamfanonin wuta, ko hukumomin da aka kafa da kuɗin masu shan wuta, suke bin manyan abokan cinikinsu ɗaya bayan ɗaya, su auna yadda kowa ke shan wuta, su tsara masa gyaran da ya dace da sana'arsa, har ma su biya wani ɓangare na kuɗin gyaran.

Na san abin da wani ke faɗa a ransa yanzu: ruwa ba ya tsami banza. Wane ɗan kasuwa ne zai biya ka don ka rage sayen hajarsa? Tambaya ce mai kyau, kuma Amurkawa sun yi ta tun kafin mu. Muddin ribar kamfanin wuta tana rataye da yawan yunit ɗin da ya sayar, babu wa'azin da zai sa ya so ka yi tattali. Shi ya sa a 1982 jihar Kalifoniya ta raba auren riba da yawan ciniki. Hukuma ce ke ƙayyade kuɗin da ya kamata kamfani ya samu a shekara don ya biya ɗawainiyarsa ya ci halaliyar riba. Idan ciniki ya gaza abin da aka yi hasashe, sai a ɗan gyara farashi a cike masa giɓin. Idan ya zarce, rarar ta koma wa jama'a. Da haka tsoron raguwar ciniki ya fita daga lissafi. Sai kuma dalili na biyu ya samu wurin zama: sau da yawa taimaka wa mutane su rage shan yunit guda ya fi arha a kan gina sabuwar tasha da jan sababbin wayoyi don samar da wannan yunit ɗin.

Wata jihar kuma ta bi wata hanya dabam, kuma a kanta nake so mu daɗe. Sunanta Vermont, tana can arewa maso gabashin Amurka, kan iyaka da Kanada. Ƙaramar jiha ce, mutanenta ba su kai 700,000 ba, ƙasar duwatsu da sanyi da kiwon shanun madara. A shekarar 2000 suka ce, maimakon a riƙa roƙon kowane kamfanin wuta ya yi aikin da ransa ba ya so, bari a kafa hukuma guda wadda ba ta sayar da wuta, aikinta kawai rage ɓarnarta. Suka kira ta Efficiency Vermont, ita ce irinta ta farko a Amurka da ta game jiha sukutum. Kuɗinta daga wani ɗan ƙari yake fitowa wanda ake rubutawa a fili a takardar kuɗin wutar kowa, kuma hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wuta tana ɗora mata adadin wutar da dole ta ceto, a zo a bincika ko ta cika.

Manyan 'yan kasuwa kowanne ana ba shi jami'i nasa, wanda ya san masana'antar ciki da bai, ya san lokacin da za su sayi sabon inji, ya san manajan da ke da ta cewa. Ku dubi yadda abin ke sauyawa daga sana'a zuwa sana'a.

Mai kiwon shanun madara, matsalarsa sanyaya madara. Tana fitowa daga jikin saniya da ɗumin da ya kai digiri 37 ko fiye, kuma dole a sauke ta zuwa wajen digiri 4 cikin gaggawa kada ta lalace. Idan firiji kaɗai aka bar wa wannan aiki, wuta zai sha ba kaɗan ba. Sai a sa masa wata na'ura ta faranta-faranta na ƙarfe, madara na bin gefe guda, ruwan rijiya mai sanyi na bin ɗaya gefen, ba sa haɗuwa, amma ruwan na zuƙe zafin. Kafin madara ta isa tanki ta riga ta huce sosai. Ruwan da ya ɗauki ɗumin kuma ba a zubar da shi, shanun ake ba su sha. Injin tatsar ma ana sa masa na'urar da ke rage masa gudu idan shanun da ake tatsa ba su da yawa.

Masu wuraren wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara kuwa, tasu matsalar ba ta yi kama da wannan ba ko kaɗan. Idan dusar ba ta sauka da wuri ba, su suke yin ta da kansu: su harba ruwa da matsattsiyar iska ta cikin wasu bututu masu kama da bindiga, ruwan ya daskare a sama ya zubo. Tsofaffin bututun suna cin iska mai yawan gaske, iskar nan kuwa kwamfiresa ce ke matso ta, wasu da lantarki wasu da dizal. A 2014 hukumar ta buɗe musu tayi na musamman: ku kawo tsofaffin a kai bola, mu tallafa muku ku sayi sababbi masu cin iska kaɗan. Makiyayi da mai wurin wasa, jiha ɗaya, wayar wuta ɗaya, amma da an ba su takardar shawara iri ɗaya da babu wanda ta amfana.

Wani abin sha'awa, wutar da aka ceto ta wannan hanya har kasuwa ake kai ta. Masu kula da babban layin wutar yankin da Vermont take suna biyan tashoshi don su yi alkawarin samar da wuta a lokacin da buƙata ta yi tsanani, kuma sun yarda wanda ya tabbatar ya rage buƙatar shi ma ya karɓi irin wannan kuɗi.

Masu sauraro, kada mu tafi da tunanin cewa sai an sayi sabon inji ake samun sauƙi. A jihar Oregon, can gaɓar yamma, akwai makamanciyar wannan hukuma mai suna Energy Trust of Oregon, wadda ta fara aiki a 2002. Daga 2009 ta ɓullo da tsarin da ya fi dogara ga ɗabi'ar ma'aikata. Ana haɗa masana'antu kaɗan su zama rukuni na kimanin shekara guda. Kowacce ta naɗa mutum ɗaya a cikin ma'aikatanta wanda maganar wuta ke wuyansa, a ba su mai horarwa, su riƙa zagaya masana'antar suna farautar inda wuta ke tafiya a banza: injin da aka bari yana juyawa lokacin cin abinci, fankar da ke aiki a ɗakin da babu kowa, firijin da robar ƙofarsa ta mutu.

Yadda ake biyan su ne ya fi burge ni. Kafin a fara, sai an ɗauki bayanan shekara guda ko fiye, a gano alaƙar da ke tsakanin wutar da masana'anta ke sha da yawan kayan da take fitarwa da kuma yanayin zafi ko sanyi. Wannan shi ne ma'auni. Bayan an yi gyare-gyare, sai a duba: da wannan yawan kaya da wannan yanayi, yunit nawa ya kamata a sha a da, nawa aka sha yanzu? Bambancin ake biya a kai. Ba don haka ba, wanda kasuwa ta tsaya masa ya rufe rabin injinansa sai ya zo ya ce ya yi tattali. Mu riƙe wannan ko da babu mai biyan mu ko sisi. Mai casar shinkafa da ya ce kuɗin wutarsa ya ragu bai faɗi komai ba tukuna, sai ya gaya mana yunit nawa kowane buhu ya ci a watan jiya, nawa ya ci a wannan watan.

Ba kowa ne ke murna da waɗannan tsare-tsare ba, gaskiya. Manyan masana'antu a Amurka sun daɗe suna ƙorafi cewa suna da injiniyoyinsu, sun san injinansu fiye da kowane baƙo, don me za a karɓi kuɗinsu a tallafa wa wasu, har da abokan gogayyarsu? A 2014 majalisar jihar Indiyana ta ba manyan masana'antu damar ficewa daga biyan wannan kuɗi, ta kuma kawo ƙarshen shirin jihar na bai-ɗaya. Akwai kuma matsalar wanda dama ya yi niyyar sayen sabon inji, sai ya tsaya ya karɓi tallafi a kan abin da zai yi ko babu tallafin. A ganina ƙorafin farko yana da ƙamshin gaskiya ga ƙattin kamfanoni, amma bai shafi matsakaita ba. Mai ma'aikata 40 ba shi da injiniyan makamashi. Yana da mai gyaran wuta guda, wanda aikinsa shi ne kada inji ya tsaya, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsa nawa injin ke sha.

To mu dawo gida. Halinmu ba irin nasu ba ne, kuma kwafe tsarinsu yadda yake ba zai yi ba. Su wuta ta wadace su, suna neman rage ɓarna. Mu kuwa ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, abin da ke bin babban layinta galibi tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000. Saboda haka tsoron da sai da Kalifoniya ta yi doka ta cire, wato kamfani ya rasa mai sayen wutarsa, a nan bai da tushe sosai. Kamfanin KEDCO da ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, ko na Kaduna da ke kai ta har Sakkwato da Kabi da Zamfara, duk yunit ɗin da wata masana'anta ta bari akwai mai jiran sa a layi. Taransifomar da aka rage wa kaya ba ta saurin ƙonewa. Abokin cinikin da kuɗin wutarsa bai fi ƙarfinsa ba shi ne ke biya a kan lokaci, kuma shi ne ba zai yanke layi ya koma kan iskar gas ko hasken rana ba.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Yunit ɗin da ɗan rukunin A ya bari, wanda da an sayar da shi naira 200 da wani abu, yana iya ƙarewa a unguwar da farashinta bai kai rabin haka ba, ko ma inda babu mita. A nan kamfani asara zai gani. Ke nan mu ma sai mai sa ido ya shigo ya daidaita lissafin, kuma tun da Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, maganar ba ta Abuja kaɗai ba ce yanzu. Ni dai ba zan ba da shawarar a fara da ƙara wa mutane wani kuɗi a kan takardar wuta ba. Wanda ke kuka da naira 200 ba zai saurari bayanin ƙarin ko kwabo ba, komai kyan niyya. Abin da za a iya farawa da shi ba ya cin kuɗi sosai: bayani. Manyan abokan ciniki, mitocinsu na zamani suna iya ajiye yadda aka sha wuta sa'a bayan sa'a. A ba mai masana'anta wannan bayani a zane. Sau da yawa kallo ɗaya ya isa: me ya sa da ƙarfe 2 na dare, ƙofa a kulle, masana'anta ke jan wuta kamar ana rabin aiki?

Kafin nan, Alhaji, Hajiya, akwai abin da ke hannunku. Mu fara da kwamfiresar nan da muka ambata a wurin masu dusar ƙanƙara, domin ita ce dai a kamfanin roba da na lemo da na buhu. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce a masana'antar da ba a kula da bututunta, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar da aka matsa ta wurin yoyo take tsiyayewa. Mu ƙaddara kwamfiresarka mai kilowat 30 ce, tana aiki awa 10 a rana, kwana 26 a wata. Yunit 7,800 ke nan. In rubu'insa yoyo ya cinye, an yi asarar yunit 1,950, a kan naira 200 kuɗin ya kama naira 390,000 a wata ɗaya. Gano yoyon kuma ba ya buƙatar baƙo daga waje. Ranar da ba a aiki, a kashe komai a bar kwamfiresa kaɗai, a bi bututu ana saurare, a shafa ruwan sabulu a mahaɗa. Inda ya yi kumfa, nan ne.

Sai famfo da fanka. Da yawa an saye su sun fi ƙarfin aikin, sai a riƙa maƙure bawul don rage ruwa ko iska, moto kuwa yana ta gudu iya ƙarfinsa. A irin waɗannan injina, ƙa'ida ce ta kimiyya cewa idan aka rage gudu da kashi 20 cikin 100, wutar da ake sha tana iya sauka kusan rabi. Na'urar daidaita gudu tana da tsada, kuma ba kowane inji ta dace da shi ba, shi ya sa sai an auna kafin a saya. Moton da aka kai wa masu naɗin koyil sau uku sau huɗu shi ma a sa masa ido. In naɗin bai yi kyau ba, zai tashi ya yi aiki, amma yana zafi yana shan wuta fiye da da, kuma kuɗin wutar da moto mai aiki kullum ke sha a rayuwarsa ya ninka kuɗin sayensa sau da yawa. Inda motoci suka yi yawa kuma, a sa mai gyaran wuta ya duba ko ana buƙatar kafasita, domin rashinta na sa wayoyi da taransifoma da janareta su ɗauki nauyin da ba ya zama aiki.

Janareta ma yana cikin lissafin, har ya fi. Litar dizal guda abin da take bayarwa bai wuce yunit 3 zuwa 3 da rabi ba a janareta mai lafiya da aka ɗora wa kaya daidai. Lita ta haura naira 1,000 a 2024, ke nan kowane yunit ya tasar wa naira 300 ko fiye, ban da bakin mai da gyara. Babban janaretan da aka tayar don fitilun ofis da na'urar sanyaya ɗaki biyu kuwa, mai yake sha ba tare da aikin kirki ba, kuma injin kansa yana lalacewa. Haka wanda ke shirin sa faranta na hasken rana: ya fara toshe ɓarna tukuna, in ba haka ba zai sayi faranta da batura don ciyar da yoyon bututu.

Wa zai yi wannan awo? Ga wani abu da nake ganin ya fi komai saurin karɓuwa a wurinmu. Tun 1976 gwamnatin Amurka ke ɗaukar nauyin wasu jami'o'i, malamin injiniya ya ɗebi ɗalibansa su je ƙaramar masana'anta ko matsakaiciya, su wuni suna aune-aune, bayan 'yan makonni su aiko da rahoto kyauta: ga abin da za a gyara, ga kuɗinsa, ga watannin da zai ɗauka ya mayar da kuɗin. Mai masana'anta ya samu shawara, ɗalibi ya taɓa inji da hannunsa. Muna da sassan injiniya a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Wudil da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, kuma kowace shekara ɗalibai na yawon neman wurin koyon aiki. Shirin tallafa wa makamashi na NESP, wanda Tarayyar Turai da Jamus ke ɗaukar nauyi tun 2013, shi ma ya horar da masu binciken makamashi a ƙasar nan. Reshen ƙungiyar masu masana'antu ta MAN zai iya zama da kamfanin wuta da jami'a guda, a zaɓi masana'antu 10 a unguwa ɗaya, kamfani ya kawo bayanan mita, jami'a ta kawo na'urori da ɗalibai, masu masana'antu su buɗe ƙofa.

Wanda ba zai jira wannan zama ba, ya sayi littafi mai layi gobe da safe. A ba mutum ɗaya amana, ya riƙa rubuta lambar mita lokacin buɗewa da lokacin tashi, da litar dizal da aka zuba, da awannin da janareta ya yi, da yawan kayan da aka fitar a ranar. Bayan wata guda a raba yunit da yawan buhu ko katan, a kwatanta mako da mako, a kwatanta masu aikin safe da na dare. Duk injiniyan da zai zo daga baya, wannan littafin zai fara tambaya.